Takardun da aka ƙwace daga hannun lauya: wa ke da ikon fara karantawa?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na karatun shari'a. An koya mana cewa abin da mutum ya faɗa wa lauyansa sirri ne, kotu ma ba ta tilasta a bayyana shi. Sai ga shi na ga a Amurka jami'an FBI sun shiga ofisoshin lauyoyin Donald Trump sun kwashe takardu da wayoyi, har aka yi aiki da wasu a bincike. Ina wannan kariya ta shiga? Kuma a kan me lauyoyin suke ta jayayya a kotu, alhali an riga an kwashe kayan?

Amsa: Malam, tambayarka ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma a kanta zan fi daɗewa, amma kafin nan sai mun gyara wani abu a yadda ka riƙe darasin. Kariyar da doka ta bai wa maganar lauya da wanda yake wakilta haƙƙi ne na wanda ya ɗauki lauyan, ba na lauyan ba, balle a ce na ginin ofishinsa ko durowarsa. Abin da take rufewa kuma nau'i guda ne na magana, wato wadda aka yi a asirce tsakanin mutum da lauyansa domin neman shawarar shari'a ko bayar da ita. Idan lauya ya tuɓe rigar lauya ya zama dillalin gidaje, ko ɗan aike, ko mai ba da shawarar siyasa, abin da ya faɗa a wannan matsayi ba shi da wata kariya, ko da kuwa a kan teburin ofishinsa ya faɗe shi.

Duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya taɓa ganin ɗan kasuwar da ya ji ƙishin-ƙishin za a bincike shi, ya ciko jaka da rasitai da littattafan ajiyar kuɗi, ya kawo ofishin lauya ya ajiye a bayan ƙofa, ya fita yana ajiyar zuciya kamar ya kai su tudun mun tsira. Nakan gaya wa irin wannan mutum ya ɗauki jakarsa, domin takardar da za a iya karɓa daga hannunsa a shagonsa, za a iya karɓarta daga hannuna. Kotun Ƙolin Amurka ta tsaya a kan wannan ƙa'ida tun 1976 a shari'ar Fisher, wadda ta shafi takardun haraji da aka miƙa wa lauyoyi. A shekarar ce kuma, a shari'ar Andresen, ta amince da hujjar da aka samo ta hanyar binciken ofishin wani lauya a jihar Maryland. Saboda haka shiga ofishin lauya da takardar izinin bincike ba haramun ba ne a dokar Amurka, matuƙar an cika sharaɗin gyara na huɗu na kundin tsarin mulkinsu: alƙali ya gamsu akwai ƙwaƙƙwaran dalilin zargi, kuma takardar ta fayyace wurin da za a bincika da abin da za a ɗauka.

Duk da haka ita kanta Ma'aikatar Shari'ar Amurka ta san abin ba na wasa ba ne. Ƙa'idojinta na cikin gida sun umarci masu gabatar da ƙara su fara duba hanya mafi sauƙi, wato su aika wa lauya sammaci ya kawo takardun da kansa, kuma kada su nemi izinin binciken ofishinsa sai da amincewar babban jami'i da tuntuɓar sashen manyan laifuka da ke Washington. Bambancin hanyoyin biyu shi ne tushen duk rigimar da kake tambaya a kai. Idan sammaci aka aiko, lauya ne zai zauna ya ware abin da ke da kariya, ya rubuta jerin abin da ya riƙe da dalilinsa, a yi gardama a gaban alƙali tun kafin gwamnati ta ga ko shafi guda. Idan kuwa bincike aka zo yi, jami'ai sukan ɗebe komai gaba ɗaya, kwamfuta da waya da akwatunan fayil, sannan a koma a tambayi wane ne zai zauna ya rarrabe tsaki da tsakuwa. Hukuma takan zaɓi hanya ta biyu ne idan lauyan kansa ake zargi, kuma tana tsoron idan aka ba shi lokaci wasu takardun za su yi ɓatan dabo.

Haka ta faru da Michael Cohen, wanda ya yi wa Trump aiki fiye da shekara goma. Ranar 9 ga Afrilu 2018 jami'an FBI suka shiga ofishinsa a New York da gidansa da ɗakin otal ɗin da yake zaune a lokacin, a binciken da ya haɗa da dala 130,000 da ya biya Stormy Daniels, matar da ta ce ta taɓa yin hulɗa da Trump, dab da zaɓen 2016 don ta yi shiru. Washegari Trump ya rubuta a Twitter cewa kariyar sirrin lauya ta mutu. Abin da ya biyo baya a kotun Mai Shari'a Kimba Wood ya nuna tana da rai, sai dai girmanta bai kai yadda ake zato ba. Ɓangarori uku ne suka tsaya a gabanta, kowanne da buƙatarsa. Lauyoyin Cohen suka ce su ne za su fara dubawa, ko kuma a naɗa wani mai zaman kansa. Lauyar Trump ta ce tun da kariyar ta shugaban ƙasa ce, shi ya kamata ya fara gani. Masu gabatar da ƙara kuwa suka ce a bar musu aikin kamar yadda aka saba, su ɗora shi a kan wata tawaga ta lauyoyin gwamnati da ba su da hannu a binciken.

Hujjar gwamnati mafi ƙarfi ita ce Cohen ba ya wani aikin lauya na a zo a gani, harkokin kasuwanci ne suka fi yawa a hannunsa. Domin a auna wannan magana sai alƙaliya ta nemi a faɗi waɗanda yake wakilta. Aka ce mutum uku ne: Trump, da wani mai tara wa jam'iyyar Republican kuɗi mai suna Elliott Broidy, da wani na uku da ya nemi a sakaya sunansa. A zaman 16 ga Afrilu lauyan Cohen ya roƙi a bar shi ya rubuta sunan a takarda ya miƙa wa alƙaliya ita kaɗai, wani lauya mai wakiltar kafofin yaɗa labarai ya miƙe ya ƙi amincewa, alƙaliya kuma ta ce a ƙa'ida sunan wanda lauya yake wakilta ba ya cikin abin da kariya ta rufe. Aka faɗi sunan a bainar jama'a: Sean Hannity, fitaccen mai gabatar da shiri a tashar Fox News, wanda ya yi kwanaki yana sukar binciken a shirinsa ba tare da ya gaya wa masu kallo alaƙarsa da Cohen ba. Hannity ya ce shi bai taɓa ɗaukar Cohen lauya ba, tambayoyi kawai ya taɓa yi masa, akasari a kan harkar gidaje. Ka lura da abin da wannan musun ya jawo ta fuskar doka, domin duk wanda ya nesanta kansa da lauya yana rage wa kansa ikon cewa maganarsu sirri ce. Shi ma Trump ya faɗa wannan rami ranar 26 ga Afrilu, lokacin da ya buga waya a wani shirin safe na Fox ya ce ɗan ƙanƙanin ɓangare ne kawai na aikinsa na shari'a Cohen yake yi. Kafin a zauna kotu a ranar, masu gabatar da ƙara sun riga sun saka maganar a wasiƙar da suka aika wa alƙaliya.

A ranar ce Mai Shari'a Wood ta naɗa Barbara Jones, tsohuwar alƙaliyar tarayya, a matsayin mai tantancewa ta musamman. Tsarin da aka bi shi ne a bai wa lauyoyin Cohen da na Trump kwafin abin da aka ƙwace, su nuna wanda suke ganin yana da kariya, Jones ta duba ta ba da ra'ayi, alƙaliya ta yanke, sauran kuma a miƙa wa masu bincike kashi-kashi. Abubuwan da aka kwashe sun haura miliyan huɗu, amma waɗanda aka tabbatar suna da kariya ba su kai dubu goma ba. Har ila yau a cikin kayan akwai sautin wata hira da Cohen ya naɗa a ɓoye tsakaninsa da Trump a 2016, wadda lauyoyin Trump da kansu suka janye kariya a kanta, kuma tashar CNN ta watsa ta a Yulin 2018. Ranar 21 ga Agusta Cohen ya amsa laifuka takwas, ciki har da karya dokar kuɗin yaƙin neman zaɓe, a Disamba kuma aka yanke masa ɗaurin shekara uku.

Yanzu bari in koma ga waccan tawaga ta gwamnati, wadda za mu iya kira tawagar tacewa, domin a nan ne ra'ayin kotuna ya rabu, kuma a nan ne ni ma nake da matsaya. Yadda ake tsara ta, lauyoyi da jami'an da ba sa cikin binciken su ne za su karanta komai, su ware mai kariya, su miƙa sauran ga abokan aikinsu, kuma an hana su tattauna abin da suka gani. A takarda tsarin yana da kyau, yana da sauri, ba ya cin kuɗi. Amma waɗannan mutane ma'aikata guda suke yi wa aiki, shugaba guda ne yake ƙara musu girma, sau da yawa ma a gini guda suke shan shayi. Ko an ɗauka dukansu masu amana ne, akwai matsalar da amana ba ta magancewa: ofishin lauya cike yake da sirrin mutanen da ba ruwansu da binciken, kuma mai gabatar da ƙarar da ya karanta wasiƙar wani daga cikinsu yau, yana iya zama wanda zai gurfanar da shi baɗi. Ba za a ce masa ya manta ba.

Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta huɗu ta fuskanci wannan a 2019, a shari'ar wani kamfanin lauyoyi na birnin Baltimore, wadda ba ta siyasa ba ce amma tun daga lokacin ake kafa hujja da ita a na siyasa. Jami'ai sun kwashe imel kusan 52,000 na lauya guda, alhali 116 kacal ne suka gudana tsakaninsa da mutumin da ake bincike a kansa. Kotun ta ce yanke hukunci a kan abin da ke da kariya aikin alƙali ne, ba a miƙa shi ga ɓangaren zartarwa, har ta kwatanta tsarin da ɗora dila gadin akurkin kaji. Mu da mun ce an bai wa kura ajiyar nama. Wasu kotunan ɗaukaka ƙara ba su tafi da nisa haka ba, sun ci gaba da amincewa da tawagar tacewa idan an gindaya mata sharuɗɗa, musamman sharaɗin cewa mai kariya zai fara nuna abin da yake ƙalubalanta kuma alƙali ne zai raba gardama. A ganina, duk inda wanda lauya yake wakilta abokin hamayyar gwamnati mai ci ne, ko kuma shugabanta ne, naɗa mai tantancewa daga waje ya fi dacewa ko da zai ja watanni, domin sakamakon binciken da rabin ƙasa ba su yarda da tsabtarsa ba amfaninsa kaɗan ne.

Da alama masu gabatar da ƙara na New York sun ɗauki wannan darasi. Ranar 28 ga Afrilu 2021 da aka bincike gida da ofishin Rudy Giuliani, tsohon magajin garin New York kuma lauyan Trump, aka ɗauke na'urori 18 a binciken ko ya yi wa wasu 'yan Yukren aiki ba tare da rajistar da doka ta wajabta ba, gwamnati ce da kanta ta nemi a naɗa mai tantancewa, kuma Barbara Jones ɗin dai aka sake kira. Ƙorafin Giuliani mafi nauyi ya shafi wani abu daban. Ya gano cewa tun a 2019 an karɓi izinin kotu a asirce an kwashe abin da ke ma'ajiyarsa ta iCloud, tawagar tacewa ta duba ba tare da saninsa ba, a daidai lokacin da yake kare Trump a yunƙurin tsige shi na farko. Wannan ita ce sabuwar fuskar matsalar, domin yanzu ba sai an ƙwanƙwasa ƙofar lauya ba: kamfanin da ke ajiye masa saƙonni za a kai wa takarda, a kuma hana kamfanin sanar da shi, ta yadda ba zai ma san akwai abin da zai ƙalubalanta ba. Mai Shari'a Paul Oetken ya ƙi umartar a mayar masa da kayan, ya kuma ƙi buɗe masa takardar rantsuwar da aka nemi izinin da ita, bisa dalilin cewa lokacin ƙalubalantar halaccin bincike shi ne bayan an tuhumi mutum. A Nuwamban 2022 masu gabatar da ƙara suka sanar da kotu ba za su tuhume shi a wannan batu ba, ke nan wannan lokaci bai taɓa zuwa ba.

Duk abin da na faɗa zuwa nan ya shafi tantance maganar da ke da kariya daga wadda ba ta da ita. Akwai kuma togaciya guda da ke rushe kariyar ko da dukan sharuɗɗanta sun cika, kuma ita ce makamin da ya fi kaifi a binciken siyasa. Idan mutum ya nemi shawarar lauya domin ya aikata laifi ko zamba, ko domin ya ci gaba da wanda yake cikin yi, maganarsu ba ta da kariya. Wanda ya zo ya ce ya yi sata bara, a kare shi, sirrinsa a rufe yake har bayan ransa. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da hakan a 1998, lokacin da mai bincike Kenneth Starr ya nemi shafi uku na rubutun hannu da wani lauya ya yi a ganawarsa da Vince Foster, jami'in fadar Shugaba Clinton, kwana tara kafin mutuwar Foster, kotun kuma ta hana shi. Amma wanda ya zo ya ce a nuna masa yadda zai yi satar gobe, wannan abokin aiki yake nema. Ƙa'idar ta daɗe, kotunan Ingila sun kafa ta tun 1884 a shari'ar Cox da Railton, kuma ba sharaɗi ba ne lauyan ya san ana amfani da shi. Niyyar wanda ya ɗauke shi ake dubawa. Wahalar ita ce yadda za a gane takarda ta faɗa cikin togaciyar ba tare da an buɗe ta ba. A 1989, a shari'ar Zolin, Kotun Ƙoli ta ce idan mai nema ya kawo abin da zai sa mai hankali ya yi zaton haka, alƙali yana iya karanta takardar shi kaɗai a ɗakinsa ya yanke.

Shari'ar John Eastman ce ta fi nuna yadda wannan ke aiki. Shi ne malamin shari'a da ya rubuta cewa Mataimakin Shugaban Ƙasa Mike Pence yana iya ƙin karɓar ƙuri'un wakilan zaɓe na wasu jihohi ranar 6 ga Janairu 2021. Kwamitin Majalisar Wakilai mai binciken harin da aka kai wa majalisa a ranar bai nemi komai daga hannunsa ba a wannan karon, sai ya aika sammaci ga Jami'ar Chapman ta Kalifoniya, inda ya taɓa koyarwa kuma ya yi amfani da adireshin imel ɗinta. Eastman ya garzaya kotu ya ce saƙonnin na aikin lauya ne da ya yi wa Trump. Mai Shari'a David Carter ya ɗauki takardu 111 na ranakun 4 zuwa 7 ga Janairu ya karanta ɗaya bayan ɗaya, ranar 28 ga Maris 2022 kuma ya umarci a miƙa 101. Abin da jaridu da yawa suka tsallake shi ne mafi yawansu sun rasa kariya ne saboda dalili mai sauƙi, wato ba a rubuta su domin wata shari'a da ake tsammani ba, dabarun matsa wa Pence da 'yan majalisa lamba ne. Takarda guda ce kawai ta faɗi ta hanyar togaciyar laifi, wani daftari da aka shirya wa Giuliani a kan matakan da Pence zai bi. Amma domin ya kai ga wannan takarda guda, sai da alƙalin ya yanke cewa abin da ya fi rinjaye shi ne Trump da Eastman sun yi yunƙurin hana majalisa aikinta ta hanyar da ta saɓa wa doka, har ya siffanta shirin da juyin mulkin da ke neman hujjar shari'ar da zai fake da ita.

A matsayinka na mai shirin zama lauya, ka auna wannan hukunci da ma'auninsa. Ba hukuncin samun mutum da laifi ba ne. Ma'aunin da aka yi aiki da shi na rinjayen hujja ne, irin na shari'ar farar hula, wanda yake ƙasa ƙwarai da tabbacin da ake buƙata kafin a ɗaure mutum. Trump kuma ba ya cikin masu ƙarar, ba a kira shaidu an yi musu tambayoyin ƙure ba. Sai dai a fagen siyasa ba wanda yake tsayawa karanta wannan bambanci, jumla guda ta alƙali takan zama kanun labarai, kuma masu neman takardu sun san haka sarai. Wannan na cikin dalilan da suka sa lauyoyi suke yaƙi a kan takardar da ita kanta ba ta ƙunshi wani abin tashin hankali ba: hukuncin da za a rubuta kafin a buɗe ta suke gudu.

Ƙarshen wannan shari'a ma yana da darasi na aiki. A Oktoban 2022 Carter ya sake umartar a miƙa wasu saƙonni, ciki har da waɗanda ya ce suna nuna Trump ya sa hannu a takardar rantsuwa a wata ƙara ta jihar Jojiya mai ɗauke da alƙaluman maguɗi da aka riga aka gaya masa ba daidai ba ne. Eastman ya nemi kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da umarnin, amma wa'adi ya cika kafin ta amsa. Lauyoyinsa suka aika wa kwamitin mahaɗin Dropbox, wata ma'ajiyar fayiloli ta intanet, mai ɗauke da saƙonnin, tare da roƙon kada a buɗe sai kotu ta yi magana. Kwamitin ya buɗe, ya sauke. Daga nan lauyoyin majalisa suka shigar da takarda a kotu ba tare da sun goge mahaɗin ba, 'yan jarida suka latsa, saƙonnin suka bazu a duniya. Ɗaukaka ƙarar ta zama ba ta da sauran amfani, kuma a Oktoban 2023 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron roƙonsa na a shafe hukuncin. Magana zarar bunu ce, shi ya sa duk ƙarfin lauya yake ƙarewa a kan matakin farko, na wanda zai fara karantawa da lokacin da zai karanta.

Wayar Eastman kuma labari ne daban. Ranar 22 ga Yuni 2022 jami'ai suka tare shi yana fitowa daga wani gidan abinci a jihar New Mexico suka karɓe ta da izinin kotu. Ya shigar da ƙara yana neman a mayar masa kuma a hana buɗe ta, alƙali ya ƙi, bayan gwamnati ta yi alƙawarin ba za ta duba abin da ke ciki ba sai ta samo izini na biyu mai ɗauke da tsarin tacewa. Wannan rabuwa tsakanin izinin ƙwacewa da izinin karantawa tana da tushe a hukuncin Riley na 2014, inda Kotun Ƙoli ta ce abin da ke cikin waya ya fi ƙarfin a bi shi kamar abin da aka tarar a aljihu.

Idan kuma kariya ta keta, masu bincike suka ga abin da bai kamata su gani ba, maganin da kotunan Amurka suka fi bayarwa shi ne a hana amfani da takardar da abin da aka samo ta dalilinta, wani lokaci a cire lauyan gwamnatin da ya karanta daga shari'ar. Korar tuhuma gaba ɗaya ba kasafai ake samunta ba, sai an nuna cutarwa ta zahiri, kuma nuna ta yana da wuya tun da wanda ake tuhuma ba ya ganin abin da ke zuciyar mai bincike.

Tun da a Najeriya za ka yi aiki, ka buɗe Dokar Shaida ta 2011 ka karanta sashe na 192. Ya hana lauya bayyana abin da aka gaya masa a cikin aikinsa sai da izinin wanda yake wakilta, kuma nauyin yana nan ko bayan aikin ya ƙare, sannan ya kawo togaciyar nan da muka gada daga Ingila: maganar da aka yi domin cimma haramtacciyar manufa, da abin da lauya ya lura da shi mai nuna an aikata laifi ko zamba bayan an ɗauke shi aiki. Inda muka sha bamban da Amurka shi ne makomar hujjar da aka samo ba bisa ƙa'ida ba. A can asali shi ne a yi watsi da ita. A nan, tun daga shari'ar Kuruma ta 1955 da ta Musa Sadau ta 1968, kotu ta fi duba ko hujjar tana da alaƙa da batun, kuma sashe na 14 da na 15 sun ce karɓaɓɓiya ce sai idan alƙali ya ga illar karɓarta ta rinjayi amfaninta. Sashe na 192 kuwa yana magana ne a kan bakin lauya, bai tsara wanda zai tace kwamfutar da jami'ai suka ɗauke daga ofishinsa ba.

Don haka idan wata rana aka zo ofishinka da takardar izinin bincike, kada ka tsaya kokawa a bakin ƙofa. Ka karanta takardar ka ga iyakar abin da ta halatta, ka tabbata an yi binciken a gaban shaidu kuma an rubuta jerin duk abin da aka ɗauka kamar yadda dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanada, ka sa a rubuta a nan take cewa fayil kaza da na'ura kaza suna ɗauke da sirrin waɗanda kake wakilta, ka kuma nemi a rufe su a liƙe a gabanka. Ka sanar da masu fayilolin a ranar, tun da haƙƙin nasu ne kuma suna da ikon shiga ƙarar da kansu. Sannan ka nufi Babbar Kotu ƙarƙashin sashe na 37 da na 46 na kundin tsarin mulkin 1999, kuma roƙonka na farko ya kasance umarnin wucin gadi da zai hana kowa buɗe kayan har sai alƙali, ko wani amintacce da ya naɗa, ya duba su. Batun a mayar maka da kwamfutarka ka sa shi a roƙo na biyu.